Babu Wani Bashiru, Dankure Ne

Kafin 'yan makarantarmu na Ambursa su gama sharar fili da safe, Dankure ya riga ya ci mil biyu a ƙasa. In ya idar da sallar asuba a Zauro, sai ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya saɓa shebur, ya kama 'yar hanyar nan da ta rabu da babban titin Birnin Kebbi zuwa Argungu ta gangara fadama. Ba ya wuce kwalbati bai durƙusa ya zura hannu ba. In ciyawa ce ta toshe, ya jawo ta. In shanu sun zubar da gefen hanya, ya cike. In motar lodi ta bar rami, ba ya jiran a turo leburori, da kansa yake ɗebo marmara ya daddanne da ƙafa. Wanda ya gaishe shi a lokacin nan zai sami amsa, amma ba zai sami ido ba, don idon yana ƙasa. Sai hantsi ya dubi ludayi yake isa Tungar Maigandi, inda hanyar ta ƙare a bakin gulbi, ya sha fura a tsaye, ya juyo.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin hanya, goma sha huɗu daga ciki yana heluma, wato shugaban leburori. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ya ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba, ya miƙa shebur da diga ga mai ajiyar kaya ya koma gida. Ni malamin makaranta ne, ba ni da lambar girma da zan rataya masa. Alƙalami nake da shi, kuma akwai wani laifi da na yi masa wanda nake so in wanke a gaban jama'a.

Bari in fara da hanyar, don wanda bai taɓa bin ta ba. Daga gindin tsamiyar da ke tsakanin Zauro da Ambursa take sauka. Da tsuntsu ne zai tashi daga tsamiyar zuwa Tungar Maigandi, mil biyu da rabi zai yi. Hanyar kuwa mil huɗu ce cif, da kwana goma sha ɗaya. Ta yi gabas kamar ta fasa zuwa, ta dawo yamma, ta kewaye wani fili da ba ka ga abin kewayewa a cikinsa ba, sannan ta tuna inda za ta. Direbobi ba sa bin ta ba su yi tsaki ba. Ni ma da kekena na sha cewa wanda ya shata hanyar nan bai karya kumallo ba ranar.

A gindin tsamiyar akwai allo, an rubuta da baƙin fenti: Hanyar Bashiru.

Wane ne Bashiru? Tambayi mutum goma ka sha labari goma. Wani ya ce mini attajirin goro ne da ya yi hanyar sadaka. Wani ya ce kukun wani Bature ne. Wata tsohuwa ta rantse ta san kakarsa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, da aka kawo ni Ambursa shekara uku da suka wuce, 'yan aji huɗu suka tambaye ni, na ji kunyar in ce ban sani ba. Na gyara tsayuwa na ce musu Bashiru wani bawan Allah ne mai kishin ƙasa, wanda ya yi wa talakawa aiki gab da samun 'yancin kai. Har na sa suka rubuta a littafi.

Ladan ne ya kwance mini zani a kasuwa. Tsohon lebura ne, yanzu yana sayar da igiya a kasuwar Ambursa, kuma jikarsa tana ajina. Ya kira ni gaban rumfarsa yana dariya har da hawaye.

"Malam, wane Bashiru kaka koya ma ɗiyanmu? Mu munka yi hanyag ga da hannunmu. Ba mu taɓa ganin Bashiru ba, ko jakinai ba mu gani ba. Zamna in ba ka labari."

Na zauna, kuma abin da zan faɗa yanzu daga bakinsa na fara jin sa, sannan na bi na tambayi wasu.

Shekarar da za a ba mu 'yancin kai aka ce a yi wa mutanen Tunga hanya. Aka turo safiyo, wani saurayi mai suna Abdussamadu, mutumin Argungu, bai daɗe da gama karatu ba. Yaro ne mai ladabi, kuma ya san aikinsa yadda aka koya masa. Ya kafa na'urarsa a gindin tsamiya, ya hango rimin Tunga, ya sa aka jera turaku a miƙe kamar an ja zare. Watan Maris ne, fadama ta bushe ƙayau, ƙasa ta tsattsage.

Dankure ya bi turakun nan tun daga farko har ƙarshe, ya dawo ya cire hula.

"Ranka shi daɗe, takardag ga taka da rani anka yi ta. In ruwa sunka zaka, nan inda kake tsaye jirgi ka wucewa."

Abdussamadu ya ce za a ɗaga hanyar da ƙasa, a sa kwalbati. Ya tambaye shi, to shi ta ina yake ganin ya kamata a bi? Dankure ya nuna masa gidajen gara da ke warwatse a fadamar, waɗanda mu nan muke kira shuri.

"Gara ba ta gini inda ruwa ka kwana. Ta riga mu zama hwadamag ga, ta san tudunta. In munka bi shuri, ba mu jiƙewa."

Safiyo ya yi murmushi irin na wanda ba ya son ya ci fuskar babba. Ya ce ba zai iya rubuta wa na gaba da shi cewa gara ce ta shata masa hanya ba. A bi turaku.

Aka raba leburori gida biyu. Wasu suka faro daga tsamiya, Dankure da mutanensa, har da Ladan, aka tura su can ƙarshen Tunga su taho a haɗu a tsakiya. Safiyo kuwa ayyuka sun yi masa yawa, sai ya yi mako uku bai leƙa ƙarshen Tunga ba. A nan ne Dankure ya yi abin da ya yi. Ya tuge turakun gwamnati ya sake kafa su.

Ba kowane shuri yake yarda da shi ba, in ji Ladan. Akwai matacce, wanda garar ta gudu ta bari, watakila don ruwa ya taɓa cin ta a wurin. Sai ya sa ɗan yatsa ya ɓantari gefen shuri da yamma kafin a tashi aiki, da safe ya dawo ya duba. In ya tarar an liƙe wurin da ɗanyar ƙasa, masu gida suna nan, sai ya kafa turke kusa da shi. In ya tarar da ɓantarin yadda ya bar shi, sai ya wuce. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Leburori in sun ɗaga kai suna neman inda za su dosa, sai ya daka musu tsawa: "Ku bi shuri! Ku bi shuri, na ce!" Tun suna yi masa dariya har abin ya zama waƙar aiki, mai diga ya ce "bi", masu shebur su amsa "shuri".

Ranar da Abdussamadu ya zo, ya tarar da mil ɗaya da rabi na hanya tana lanƙwasa kamar igiyar da aka yar. Ladan ya ce bai taɓa ganin yaron nan ya ɗaga murya ba sai ranar. Dankure bai yi musu ba, bai ce wani ne ya sa shi ba, bai bari a taɓa ko lebura ɗaya ba. Ya ce shi ya tuge, shi ya kafa. Aka sauke shi daga heluma, aka mayar da shi lebura a ƙarƙashin wanda shi ya koya wa riƙon diga. Mutum mai furfura, mai iyali, ya koma ɗaukar ƙasa da kwanon sarki a ka. Wata shida yana haka. In ya shiga kasuwar Zauro sai ka ji ana cewa ga mai hanyar maciji nan. Abin da ya rage na aikin aka ƙarasa shi a miƙe, aka haɗe da nasa don ba a son a yi asarar abin da aka riga aka tara.

Ni malami ne, ba na koya wa yara su tuge turken hukuma. Na faɗa wa Dankure haka da bakina. Ya ce shi ma bai koya wa kowa ba, kuma da za a sake, da sai ya ƙara zuwa wurin safiyo sau uku kafin ya taɓa turke. Na ce, in ya ƙi fa? Ya ce, "Sai in tuge."

Damina ta zo, gulbi ya cika ya shigo fadama kamar yadda yake yi kowace shekara. Ana saura kwana kaɗan bikin 'yancin kai, ruwa ya haye miƙaƙƙiyar hanyar nan ya yanka ta wuri uku, ya tafi da kwalbati biyu. Ta Dankure kuwa tana nan a bushe, ruwa dama da hagu, awaki suna kwance a kanta. Mutanen Tunga da suka tafi Birnin Kebbi kallon biki, rabin tafiyar a ƙasa suka yi, rabin a jirgi.

Abdussamadu ya zo a jirgin shi ma. Mai fito ya tuƙa shi ta bisa hanyar da ya shata da hannunsa, ya sauke shi a kan ta Dankure. Ladan yana wurin. Ya ce yaron ya daɗe a tsaye yana kallon ruwa, sannan ya je gaban Dankure ya rusuna a gaban leburori duka.

"Baba Dankure, ni na yi kuskure. In ruwa sunka janye, kai za ka kahwa turaku, ni in bi ka da takarda."

Ya cika alkawari. Shi ya rubuta aka mayar wa Dankure matsayinsa, kuma da rani suka sake shata sauran tare. Ina jinjina wa Abdussamadu a duk inda aiki ya kai shi yanzu, don ba kowane mai ilmi ke iya rusunawa a gaban mai kwanon sarki ba.

To ina Bashiru ya shigo? Da aka gama, aka turo wani akawu ya rubuta sunayen sababbin hanyoyi don a yi musu alluna. Baƙo ne daga gabas. Ya tarar da leburori suna hutawa a gindin tsamiya, ya ce yaya sunan hanyar nan? Suka haɗa baki suka ce Bi-Shuri. Su can gabas suri suke cewa, shuri a wurinsu sai na jaki ko na ɗan dambe. Bawan Allah ya juya kalmar a kansa, ya ga ba yadda za a yi a sa wa hanya sunan harbi da ƙafa, ya yanke cewa sunan mutum ne bakin ƙauye ya lauya. Ya gyara mana. Da allo ya iso, leburorin ba mai karanta boko a cikinsu, suka haƙa rami suka kafa shi da murna. Masu karatu suka karanta Bashiru, direbobi suka ɗauka, yara suka tashi da shi. Cikin shekara huɗu sunan gaskiya ya koma bakin tsofaffin leburori kaɗai.

Na je Tunga na tambayi Hure, wata dattijuwa mai yin gumi, wato turara shinkafa, abin da hanyar nan ta canza musu. Na zaci za ta yi maganar shinkafa da motocin da ke zuwa ɗauka. Ba ta ko ambace su ba.

"Ɗana, shekarad da innata tar rasu, ruwa sun cika. Ƙannenta na Ambursa, ba su ji ba sai da tak kwana ukku cikin ƙasa. Mu shidda munka yi zaman makoki, kamar ba ta da kowa duniya. Bara da malam nau, maigidana, yar rasu, cikin damina ɗai na shi ma. Amma hab Birnin Kebbi anka zaka, har Argungu. Gidanmu bai ɗauki mutane ba. Kowa da ƙahwatai ya iso, ko wando bai jiƙa ba." Ta share ido da gefen zane. "In ka ga Dankure ka ce Hure na gaishe shi."

Na isar da gaisuwar, Baba Dankure, amma ina so in sake isar da ita a nan inda kowa zai gani. Kai ne ka ɗauki wulaƙancin wata shida a ka don mutanen da ba danginka ba su sami masu yi musu ta'aziyya. Kai ne aka kira mai hanyar maciji ka yi shiru, kuma da gaskiyarka ta fito ba wanda ya ji ka ce ai na faɗa. Mai auna ruwa da tafin ƙafa, mun gode.

Da a nan labarin ya tsaya, da kuskuren allo abin dariya ne kawai. Amma a farkon daminar bana sai ga sababbin turaku masu jan kai a fadama, a miƙe daga tsamiya zuwa rimin Tunga. Za a faɗaɗa hanya a zuba mata tsakuwa, kuma wani sabon injiniya ya duba takarda ya ga Hanyar Bashiru tana da kwana goma sha ɗaya ba dalili. Abdussamadu an yi masa canji tuntuni. Dankure ya je ofis sau biyu, aka tambaye shi ko shi ɗan'uwan marigayi Bashiru ne. Saura wata uku ya bar aiki, kuma ya san in ya tafi ba sauran mai cewa a'a.

Ranar nan ya zo makaranta ya same ni, karo na farko da na ga hankalinsa a tashe. Ya ce in rubuta masa takarda. Na ce zan rubuta, har ma in roƙa a cire Bashiru a sa Dankure, tun da shi ya yi wahalar. Ya girgiza kai.

"A'a, Malam. In anka sa sunana, ina mutuwa za a hwara tambaya wane na Dankure, kamar yadda aka tambayab Bashiru. Sunan mutum ba shi gaya ma kowa inda ruwa ka tsayawa. Wancan sunan kau, duk wanda yaj ji shi ya san abin da za shi yi. Shi nika so a maido."

Na ji kunya ƙwarai, don ni ina neman masa suna ne, shi kuwa yana neman wa Tunga hanya. Na rubuta yadda ya ce, muka roƙi injiniya abu guda: ya zo ya ga turakunsa a watan Satumba.

Allah ya sa mai sauraro ne. Ya zo ana saura kwana biyu Dankure ya ajiye aiki, ni ma na bar yara da aikin lissafi na bi su. Dankure ya ce masa ya tuɓe takalma, su bi jan turakun nan da ƙafa. Suka shiga. Ruwa ya kama idon sawu, ya kama gwiwa. Injiniya yana ta bayanin yadda za a ɗaga hanya da ƙasa. A turke na tara ruwa ya kai ƙugu, bayani ya ragu. Turke na goma sha biyu ba a ganin ko jan kansa, injiniya ya ɗora takardunsa a ka, ruwa yana taɓa masa aljihun riga, laka ta riƙe ƙafa. Ni ina can kan hanya a bushe, ina jin su sarai.

"Baba, ya isa haka. Ta ina za mu fita?"

Dankure ya nuna masa da haɓa. "Bi shuri."

Injiniya ya dubi inda aka nuna, ya ga gidan gara a tsaye kan ɗan tudu, wani a bayansa, wani a bayan wancan, hanya tana biye da su. Ya ce, "Suri kake nufi?"

"Ku ka ce mashi suri."

Ya yi taku biyu ya tsaya cak. Na ga bakinsa yana motsi. "Bi shuri," ya ce. "Bishuri. Bashiru." Sai ya saki salati, sannan dariya ta kama shi har takardun suka kusa faɗawa ruwa. Da ya hau tudu yana ɗiga, abin da ya fara tambaya shi ne shuri nawa ne daga nan zuwa Tunga. Dankure ya ce sittin da uku masu rai, matattu bai ƙidaya su cikin lissafi ba.

An tuge jan turakun a makon nan. Za a faɗaɗa hanya a inda take, da kwanoninta goma sha ɗaya, kuma injiniya ya ce zai sa a gyara sunan. Ni ma na sa 'yan ajina na da, waɗanda yanzu suke aji bakwai, sun ɗauko tsohon littafi sun soke abin da na koya musu.

Baba Dankure, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa abin da ka yi ya tarar da kai a inda ake bukatar sa. Ku kuma masu karatu, musamman samarinmu da ke karɓar ayyukan da Turawa suka bari, ku riƙe ilminku da kyau, muna bukatar sa. Amma in kun je wuri da na'ura, ku nemi tsohon da ya daɗe yana taka wurin, ku tambaye shi kafin ku buga turke.

Akwai abu ɗaya da ya rage, kuma shi ya fi damuna. Gara tana ƙaura. Shurin da ke da rai bana yana iya mutuwa baɗi, wani ya tashi a wani wuri, don gulbi ma yana sauya kwanciya. Sai an sami mai bi yana dubawa. Idon Dankure na hagu ya riga ya yi hazo, na dama ma ya fara. Ya gaya wa injiniya, ya gaya wa Ladan, ya ce ni ma in rubuta: duk wanda ke son ya koyi sittin da ukun nan, lebura ne ko mai takarda, ya zo ya zagaya da shi tun yana iya gane su. Yau kwana shida ke nan yana fitowa ƙofar gidansa a Zauro da sandarsa tun da safe, wandonsa a naɗe. Har jiya da na biya ta wurin, ba wanda ya zo.